Jirgin da Aka Ce Ba Shi da Sa'a

Darasinmu na wannan wata a kan jirgin ruwa ne. Wanda ya ke zaune a tudu, bai taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba, kada ya ce ba ruwansa, gama abin da zan faɗi ya kan sami mai babur, da mai injin niƙa, da wanda ya sayi shanun huɗa. Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafinka ka karanta Ayyukan Manzanni sura 27, har zuwa aya 11 ta sura 28. Karatun da tsawo, amma wanda ya fara shi ba ya ajiyewa.

Sa'an da aka aike ni aiki a wata ƙaramar ekklesiya a bakin tafkin Kainji, cikin ƙasar Yawuri, ban san kome game da ruwa ba. Ni ɗan tudu ne, rijiya na sani. A can akwai wani ɗan'uwa, mai bi na kirki, manomi ne, yana kuma ɗan taɓa su. Ya daɗe yana ganin masu fito suna samun kuɗi ran kasuwa, har ransa ya biya. Ya sayar da shanunsa biyu, ya ci bashi wurin surukinsa, matarsa ta ba shi kuɗin adashinta, ya tafi ya sayo jirgin katako na hannu tare da injinsa. Ran da ya iso da shi, jirgin yana ƙyalli da sabon fenti shuɗi, yara suna ta tsalle a mafito. Aka kira ni na yi addu'a. Na yi kuwa da murna. Ban ce a kifa jirgin mu duba ƙarƙashinsa ba, domin ban san ana yin haka ba.

Tun makon farko jirgi ya fara yoyo, sai da aka sa yaro guda aikinsa ke nan, kwarfe ruwa da ƙwarya. Ba a jima ba inji ya mutu musu a tsakiyar tafki, suka yi ta fama da filafili har dare. Aka gyara. Bayan wannan farfela ta daki wani abu a ƙarƙashin ruwa ta karye. Aka sayi wata. Wata rana da dare iska ta taso, igiya ta tsinke, jirgin ya je ya bugi na wani ya fasa masa katako, aka sa shi biya. Na ƙarshe shi ne ya fi muni. Ran kasuwa ne, jirgi cike da mutane da buhunan shinkafa, sai katako ɗaya na ƙasa ya buɗe. Allah ya yi jinƙai, sun kusa gaci, ba a rasa rai ba. Amma shinkafa ta jiƙe, akuya ta mutu, masu kaya suka tsaya a ƙofar gidansa.

To, daga nan baki ya fara aiki. Waɗansu suka ce jirgin ƙashin tsiya gare shi. Waɗansu suka ce kambun baka ne, tun ran da ya iso an cika yabonsa. Waɗansu suka ce mai shi na dā an yi masa sammu, sammun kuwa ya bi katako. Wani tsoho ya ce ba a ba mutanen ruwa hakkinsu ba, a yanka jan zakara. Abin da ya fi ɓata mini rai, danginsa suka ce matarsa farar ƙafa gare ta, gama ita ce ta fara zama cikin jirgin. Matar da ta ba da kuɗin adashinta! Ta ji, ta ɗauki goyonta ta koma gidan ubanta.

Ya zo wurina da dare, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Fasto, ba zan ɓoye maka ba. Abu biyu ke cikin zuciyata. An nuna mini wani mutum a ƙetare, ya ce zai ba ni laya a kafa a goshin jirgi. In ba haka ba, in sake masa fenti in kai shi nesa in sayar, in huta." Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka ba ni kwana uku kafin ka yi ko ɗaya." Na faɗi haka ne domin ni kaina ban san abin da zan ce ba.

Abin da Luka ya gani cikin jirgi

Cikin kwanakin nan na koma ga surar da kuka karanta. A makarantar Littafi Mai Tsarki mun yi ta nazarinta domin tafiye-tafiyen Bulus, amma ban taɓa karanta ta da idon mai jirgi ba.

Jirgin na Iskandariya ne, yana ɗauke da alkamar Masar zuwa Italiya, da mutum 276 a ciki. Suka iso wata mafaka a kudancin tsibirin Karita da ƙyar, sun riga sun makara. Luka ya ce ranar azumin Yahudawa ta wuce, watau ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A wancan zamani kowane matuƙi ya sani, daga tsakiyar Satumba tafiya a Bahar Rum ta kan zama da haɗari, daga wajen tsakiyar Nuwamba kuwa a kan daina har zuwa Maris. Bulus ya yi musu gargaɗi. Ba baƙon teku ba ne, gama tun kafin wannan tafiya ya riga ya gaya wa Korintiyawa cikin wasiƙarsa ta biyu cewa sau uku jirgi ya fashe da shi. Amma hafsan soja mai suna Yuliyas ya fi jin maganar matuƙi da ta mai jirgi. Mafakar ba ta da daɗin zama da hunturu, akwai wata a gaba kaɗan wadda ta fi ta, yawancin mutane kuma suka goyi bayan tafiya. Da 'yar iska mai laushi ta huro daga kudu, suka ce ai buƙata ta biya, suka ɗaga anka.

Kun san abin da ya biyo baya. Guguwa ta kwashe su. Suka ɗaure cikin jirgi da igiyoyi kada ya wargaje, suka zubar da kaya, kwana da kwanaki ba rana ba taurari. A dare na 14 matuƙa suka ji alamar ƙasa, suka gwada zurfi suka sami gaba 20, suka sake gwadawa suka sami gaba 15, suka saki anka 4 daga baya suna jiran gari ya waye.

Ku lura da yadda Luka ya rubuta. Ya faɗi lokacin shekara, ya faɗi iskar da ta huro, ya faɗi wanda ya ba da shawara da wanda aka ji, ya ƙidaya anka, ya ƙidaya mutane. Ko sau ɗaya bai ce jirgin ba shi da sa'a ba. Ya nuna mana inda aka yi kuskure, Bulus ma ya tuna musu da shi a fili a tsakiyar guguwa. Ga wani abu kuma. Allah ya riga ya yi wa Bulus alkawari ba wanda zai mutu, jirgi ne kaɗai za a rasa. Duk da haka, sa'an da matuƙa suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale, Bulus ya gaya wa soja in mutanen nan suka tafi sauran ba za su tsira ba. Alkawarin Allah bai kore aikin masu sanin ruwa ba. Ta hannunsu ya cika shi.

Suka fita a tsibirin Malita dukansu, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katako. A nan maciji ya sari Bulus yana tara itace. Mutanen tsibiri suka ce lalle wannan mai kisan kai ne, ya tsira daga teku amma alhaki ya bi shi. Da suka ga bai kumbura ba, suka juya suka ce allah ne. Mutum ɗaya, yini ɗaya, hukunci biyu, duka ba daidai ba. Haka masu fassara tsautsayin wani su ke har yau.

Bayan wata 3 suka shiga wani jirgi, shi ma na Iskandariya, a goshinsa an sassaƙa gumakan Tagwaye waɗanda matuƙan arna su ke dogara gare su domin tsaro. Layarsu ke nan. Wannan jirgi ya kai Italiya lafiya. Wani zai ce, ka ga ni, laya ta yi aiki. Amma Luka ya gaya mana dalili cikin aya ɗin nan: jirgin ya yi hunturu a tsibirin. Ya jira lokaci, na farko bai jira ba. Bulus kuwa ya shiga bai ji tsoron gunki ba, bai kuma gode masa ba. (Kada mu zaci camfin jirgi namu ne kaɗai. Matuƙan Turai ma sun daɗe suna cewa sake wa jirgi suna, ko fito da baki a cikinsa, ko tashi ran Jumma'a, yana jawo masifa.)

Muka kifa jirgin

Ran kwana na uku na nemi wani tsohon kafinta wanda ya tsufa cikin ƙera jirage. Ba ɗan ekklesiyarmu ba ne, amma mutum ne mai gaskiya. Samari suka jawo jirgin tudu muka kifa shi. Tsohon ya zaro 'yar wuƙa da guduma, ya bi katako ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Inda itace ke da rai, ƙara ta kan fito tsaf. Inda ya ruɓe sai ka ji dum, kamar an daki kabewa. Ya soka tsinin wuƙa cikin fentin nan mai kyau, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Ya dube ni ya ce, "Malam, ga aljanin nan."

Na ce, "Baba, koya mini." Ya ce katako uku na ƙasa ba na asali ba ne, an yi faci da itace mai taushi, ba maɗaci ba ne, ba kawo ba ne. An shafe da kwalta, an rufe da fenti. Ya nuna mini baƙin zobe kewaye da kowace ƙusa. Ƙusar ƙarfe in ta yi tsatsa ta kan cinye itacen da ke kewaye da ita, har ta zama ba ta riƙe da kome. Ya ce jirgin ya daɗe a tudu cikin rana kafin a sayar, katako ya bushe ya tsuke, mahaɗi ya buɗe, shi ne yoyon makon farko. Ruwan sama kuma da a ke bari ya kwanta a ciki, shi ke ruɓar da itace fiye da ruwan da jirgi ke tafiya a kai.

Makanike ma ya buɗe inji ya faɗi nasa. Irin wannan inji sai an gauraya masa baƙin mai cikin fetur, galibi kashi 1 cikin 50, watau rabin lita ga jarka mai lita 25. Ɗan'uwanmu yana ragewa domin tattali. Injin kuma da ruwan tafki ya ke sanyaya kansa, akwai 'yar roba mai fikafikai a ciki wadda ke tsotso ruwa ta fesar da shi siriri ta baya. In ba ka ga wannan ruwa yana fita ba, ka kashe inji nan take, ko leda ce ta toshe, ko ciyawa, ko robar ta cinye. Ran da aka kawo jirgin, samari sun tā da inji a tudu domin mutane su ji ƙararsa. Wannan kaɗai ya isa ya ƙone robar. Igiyar da ta tsinke kuwa, tsohuwar igiyar shanunsa ce.

Sauran farfela. Wannan tarihin tafkin ne ya ba da amsa. An gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1968. Ruwa ya hau ya rufe gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tā da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka. Itatuwa da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. Tafkin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya kan cika, sa'an nan ya yi ta sauka da rani yayin da a ke sakin ruwa domin lantarki. Hanyar da ka bi lafiya a Janairu, a Yuni kututture yana jiranka a cikinta. 'Ya'yan masunta sun san wuraren nan kamar yadda ka san hanyar gonarka. Ɗan'uwanmu bai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ce kuɗin matuƙi asara ne.

Masifa biyar, muka ƙidaya, kowace da dalilinta wanda ido ya gani hannu ya taɓa. Ba wadda ta fito daga ƙafar matarsa.

Wani zai tambaya

Na san akwai mai karatu wanda zai ce, "Fasto, Yunana fa? Ba sabo da mutum ɗaya guguwa ta tasar wa jirgi ba? Sarki Yehoshafat fa, wanda jiragensa suka farfashe a Eziyon-geber tun ba su tafi ɗaukar zinariya ba?" Tambaya ce mai kyau, ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne Ubangiji ya kan yi horo ta wurin hasara. Amma duba da kyau. Yunana ya san laifinsa sarai, an aike shi Nineba ya nufi Tarshish, da bakinsa kuma ya faɗa. Yehoshafat ya haɗa kai da mugun sarki Ahaziya, Allah kuwa ya aiko annabi ya ambaci laifin da sunansa, kamar yadda ya ke cikin 2 Tarihi sura 20. A duka biyu zunubi ne sananne, mai shi ne ya yi shi, ba wani ɓoyayyen abu ne da ya manne wa katako ko ya bi ƙafar mace ba. In kana so ka bincika, zuciyarka za ka bincika, ba ta maƙwabcinka ba. Maganin zunubi kuwa tuba ne. Zuwa wurin boka da mai duba, Kubawar Shari'a sura 18 ta hana shi ƙiri ƙiri, wanda ya je ya ƙara laifi a kan hasara.

Ban ce kuma kowace hasara tana da mai laifi ba. Akwai hadarin da ke tasowa a tafki cikin ƙiftawar ido ya sami mai hankali da marar hankali. Ubangijinmu Yesu ya yi zancen mutum 18 waɗanda hasumiya ta faɗo musu a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. In irin wannan ta same ka, ka yi kuka, ekklesiya ta yi kuka tare da kai, ta sa hannu cikin aljihu kuma. Abin da na ke ƙi shi ne mu ɗauki sakacinmu mu sa masa riga mu kira shi tsautsayi. Mun iya cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kakanninmu ɗin nan kuma su ne suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ta wuce dukiya, ta kai ga rai. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi, a wannan tafki namu, da mutane fiye da 150. Ya tsage a hanya, waɗanda aka ceto wajen 20 ne kaɗai. Hukuma ta ce tsohon jirgi ne, lodi kuma ya fi ƙarfinsa. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka mutu a kogin Kwara wajen Patigi, 'yan biki ne suna komowa da dare. Dokar Musa ta umurci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Kana tsammani Allah wanda ya kula da bakin soro ba ya kula da ƙarƙashin jirgi? A Ingila ma an yi zamanin da masu jirage ke cika ruɓaɓɓun jirage da kaya matuƙa suna hallaka, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa, a 1876 aka yi doka a ja layi a jikin jirgi domin a ga iyakar lodi. Layin yana jikin manyan jiragen teku har wa yau.

Sai maganar sayarwa. Da muka gama dubawa na ce masa, "Ɗan'uwa, wanda ya sayar maka ya san abin da ke ƙarƙashin fenti?" Ya ce, "Lalle ya sani, Allah ya isa." Na ce, "To, kai ma yanzu ka sani. In ka shafa fenti ka kai nesa, me wancan zai kira ka? In katako ya buɗe masa a tsakiyar ruwa da mata da yara, a wuyan wa jinin zai zauna?" Ya yi shiru da daɗewa. Daga baya ya ce, "Fasto, da na je wurin boka ma, da layar zan kafa a kan ruɓaɓɓen katako in ɗebi mutane." Wannan magana tasa ce, ba tawa ba. Ita ce ta fi ba ni tsoro game da laya: ta kan kwantar wa mutum da hankali a daidai wurin da ya kamata hankalinsa ya tashi.

Kashegari muka tafi gidan surukinsa tare da dattawan ekklesiya biyu. Ya tafi da guntun katakon nan a hannu, ya ajiye a gaban tsohon, ya murtsuke shi da yatsa ya zama gari. Ya roƙi gafarar matarsa a gaban iyayenta. Ba ta komo ran nan ba, ban kuwa ga laifinta ba, sai bayan mako biyu. Ran Lahadi ya tashi cikin sujada ya faɗi da bakinsa cewa ba ta da hannu cikin hasararsa, domin waɗanda suka ji ƙarya a fili su ji gaskiya a fili.

Gyaran ya ci kuɗi, sai da ya jinginar da gona guda. Aka cire katako uku aka sa maɗaci, aka sake ƙusoshi, aka toshe mahaɗi da auduga da kwalta. Ya ɗauki ɗan masunci matuƙi, suna raba riba. Ya sayi rigunan ruwa kaɗan kaɗan, ya daina tafiyar dare. Tsohon kafinta ya ja masa farin layi a gefen jirgi, in ruwa ya taɓa shi ba a ƙara ko kaza. Fasinja su kan yi masa gunaguni, waɗansu su kan koma jirgin da ke ɗaukar kowa. Sa'an da na bar garin bai gama biyan surukinsa ba tukuna, shanu kuwa bai mayar ba. A cikin jirgin nan ya ƙetar da ni da iyalina da kayanmu, sawu biyu, gama akwatunan littattafaina sun sa ruwa ya kai layi.